A Duba Katin Rezo Kafin a Sayi Modul ɗin Fiba

Modul ɗin SFP ɗan ƙarfe ne da bai wuce tsawon yatsa ba. Ana cusa shi a ramin katin rezo na kwamfuta, shi kuma ya mayar da saƙon lantarki haske ya bi zaren fiba. SFP na ɗaukar gigabit 1 a daƙiƙa, SFP+ kuma gigabit 10. Girmansu ɗaya, don haka kowanne na shiga ramin, amma shiga daban, aiki daban.

A cikin kowane modul akwai ƴar ma'ajiya da aka rubuta sunan kamfani da lambar samfuri. Da an cusa shi, manhajar da ke tafiyar da katin, wato direba, za ta karanta sunan. In ba ta yarda da shi ba sai ta rufe ƙofa, ko da modul ɗin lafiyarsa lau.

Nan sakaci ke shigowa. Mai haɗa rezo zai taso daga Tchaké ko Mayahi ko Tasawa, ya biya kuɗin mota zuwa Maraɗi, wani ma ya yi saƙo har Kano, ya sayi modul don kawai ya ga araha, bai ko rubuta sunan katin da zai sa shi ba. Ya dawo, fitilar katin ta ƙi kamawa, sai ya hau zagin mai shago wai an sayar masa da jabu. Wani har ya datse zaren fiba mai kyau yana neman laifin da babu. Alhali da ya buga umarnin dmesg a Linux, da ya ga direban ya faɗa ƙarara cewa bai karɓi wannan modul ba. Karatun minti ɗaya ne ake ƙyuya!

Katin Intel X520, wanda ya yi yawa a kayan gwanjo, ya yi suna wajen wannan tsirfa. Direbansa ixgbe yana da mafita: a sa allow_unsupported_sfp=1, sai ya sassauta, ko da yake Intel ba ya ɗaukar alhakin abin da ya biyo baya. Katin X710 kuwa, takunkumin na cikin katin kansa, wannan dabara ba ta ci. Katunan Mellanox galibi ba su da wannan tsanani.

Sai kuma zare. Modul SR mai haske nanomita 850 na gajeren zango ne, kamar mita 300. LR mai 1310 yana kai kilomita 10, a kan wani irin zare daban. Dole modul ɗin da ke bakin zaren biyu su dace. Kuma kada a yar da murfin robar modul ɗin, ƙurar hunturu na toshe idon modul.

Duk mai zuwa saye ya tafi da sunan katinsa a rubuce, ya nemi modul da aka tsara wa wannan kamfani, a kuma yi sharaɗin canji gaban shaida kafin kuɗi su bar hannu.