Me Ya Raba Samarin Zariya Da Littafi?

A Zariya aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kuma buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a 1962. Duk da haka, a mahaɗar PZ da yamma waya da hirar ƙwallon Turai ne suka ɗauke hankalin samari.

Tun shekarun 1980 da littattafan soyayya suka yawaita, mata suka riƙe karatun labarai, har yara maza suka ɗauka aikin mata ne. Ga neman abinci yana jan yaro kasuwar Sabon Gari tun yana ƙarami, ɗalibi kuwa sai jarrabawa ta matso yake tuna laburare.

Gyara daga gida zai fara. Yaron da ya saba ganin mahaifinsa yana karanta Magana Jari Ce, da wuya ya raina littafi.