Yadda Japan Ta Ja Ragamar Arzikin Ƙasashen Gabashin Asiya

A watan Agusta na 1945, lokacin da Japan ta miƙa wuya a Yaƙin Duniya na Biyu, manyan biranenta sun zama kufai. Bama-baman ƙare-dangi sun shafe Hiroshima da Nagasaki, masana'antu sun ƙone, yunwa kuma ta yi katutu. Ƙasa ce ta tsibirai da duwatsu, ba ta da man fetur ko tama na a zo a gani. Amma kafin ƙarshen 1968 ta shige gaban Jamus ta Yamma, ta zama ta biyu a ƙarfin arziki cikin ƙasashen jari-hujja, Amurka kaɗai ke gabanta.

Matakin farko an ɗauke shi ne a karkara. Daga 1946, a ƙarƙashin mulkin sojan Amurka, gwamnati ta tilasta wa manyan masu gonaki su sayar mata da filayensu, ita kuma ta sayar wa manoman da ke noman haya da araha. Manomi ya zama mai gona, ya sami abin ajiya da abin kai ɗansa makaranta. Yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 kuwa ya buɗe wa masana'antu kasuwa, domin a Japan sojan Amurka suka riƙa sayen motoci da sauran kayan aiki.

Ginshiƙi na biyu shi ne haɗin kan gwamnati da 'yan kasuwa. A 1949 aka kafa Ma'aikatar Cinikin Waje da Masana'antu, wadda aka fi sani da MITI. Ita ke raba kuɗin ƙasashen waje da izinin sayo fasaha, tana fifita ƙarfe, ƙera jiragen ruwa, sinadarai, daga baya motoci da kayan lantarki. Kuɗin da talakawa suka ajiye a gidan waya shi aka juya ya zama rance mai sauƙin ruwa ta hannun Bankin Raya Ƙasa da aka kafa a 1951. Manyan kamfanoni kamar Mitsubishi da Mitsui da Sumitomo kowanne ya kewaye bankinsa, ma'aikaci kuma yakan shiga kamfani yana saurayi ya fita da furfura. A 1960 Firayim Minista Hayato Ikeda ya yi alkawarin ninka arzikin ƙasa cikin shekara goma, aka kuwa cika alkawarin tun wa'adin bai cika ba.

Sai dai ma'aikatan gwamnati ba su zama ma'asumai ba. A farkon shekarun 1960 MITI ta so hana kamfanin Honda, wanda a lokacin babura yake ƙerawa, shiga ƙera motoci. Soichiro Honda ya yi kunnen uwar shegu da ita, tarihi kuma ya ba shi gaskiya.

Tun cikin shekarun 1930 wani masani ɗan Japan, Kaname Akamatsu, ya kwatanta bunƙasar masana'antu da tashin dinya a jere: ɗaya a gaba, saura na biye. Watau idan ladan ma'aikata ya hau a ƙasar da ke gaba, sai ta sakar wa ta baya saƙa da ɗinki, ita ta koma ga aikin da ya fi wuya. Haka kuwa aka gani.

Koriya ta Kudu ce ta fi kowa bin wannan sawu, duk da zafin mulkin mallakar da Japan ta yi mata daga 1910 zuwa 1945. Janar Park Chung-hee ya kafa hukumar tsara tattalin arziki a 1961. A 1965 ƙasashen biyu suka maido da hulɗa, Japan ta ba da kyautar dala miliyan 300 da rancen dala miliyan 200. Da wani kaso na kuɗin nan, tare da taimakon injiniyoyin Japan, aka gina masana'antar ƙarfe ta POSCO. Sharaɗin Park ga kamfanoni kuwa mai tsauri ne: wanda ya sayar da kaya a ƙasashen waje shi za a ƙara wa rance. Taiwan ma ta raba gonaki tsakanin 1949 da 1953, ta buɗe yankin sarrafa kayan fitarwa a Kaohsiung a 1966.

A 1978 Deng Xiaoping na Sin ya ziyarci Japan, ya hau jirgin ƙasa mai gudun tsiya, ya zaga masana'antun ƙarfe da motoci, watanni biyu kafin ƙasarsa ta fara gyaran tattalin arziki. A 1982 Mahathir Mohamad na Maleshiya ya ƙaddamar da manufar duban gabas, wadda ta haifi motar Proton da haɗin gwiwar Mitsubishi. Sa'an nan yarjejeniyar Plaza ta 1985 ta ɗaga darajar yen har dala ta faɗi daga kusan yen 240 zuwa kusan 120 cikin shekara uku. Kayan Japan suka yi tsada a waje, kamfanoninta suka kwashi masana'antu zuwa Tailan da Maleshiya da Indunusiya.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Rance mai araha ya hura farashin filaye da hannun jari a Japan har ya fashe a farkon shekarun 1990, bankuna suka rungumi bashin da ba ya biyuwa. Kasuwar hannun jarin Tokyo ba ta sake kai matsayinta na ƙarshen 1989 ba sai a Fabrairun 2024. A 1997 rikicin kuɗi ya tashi daga Tailan ya kai Koriya ta Kudu ga neman ceton Asusun Ba da Lamuni na Duniya, aka kuma ga illar kusancin banki da kamfani da gwamnati. Sin ta wuce Japan a 2010, Jamus ta wuce ta a 2023, yawan jama'arta kuma yana raguwa.

Abin lura ga ma'aikaci da ɗalibi shi ne, wannan tsari ya yi amfani ne wajen kamo waɗanda suka yi nisa, ƙarfinsa kuma ya ragu bayan an kamo su. Ƙasashen da suka ci moriyarsa sun fara da manomi da makaranta, suka ɗora ƙwararru kan aikin gwamnati ta hanyar jarrabawa, suka kuma auna kamfanonin da suka tallafa da ma'aunin kasuwar duniya. Inda aka ba da kariya da rance ba tare da wannan ma'auni ba, masana'antu sun girma a kan dukiyar jama'a amma sun kasa tsayawa da ƙafafunsu.