Yagewar Guringuntsin Gwiwa: Abin Lura Kafin a Sake Shiga Tiyata

A wajenmu kusan duk ciwon gwiwa hukunci biyu ake yanke masa. Idan saurayi ne ya murɗe ƙafa a filin ƙwallo, sai a ce targaɗe ne, a kai shi wurin mai ɗori a ja, a shafa man zafi, a ɗaure. Idan dattijo ne ko uwargida da ta manyanta, sai a ce sanyi ne, a shiga neman jiƙe-jiƙe. Alhali sau da yawa abin da ke damun su duka biyun ɗaya ne: guringuntsin da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri ne ya yage. Ciwo ne mai naci. Ya lafa wata biyu, ya dawo. A yi wa mutum aiki, bayan shekara ya ce gwiwar ta sake tashi.

Kowace gwiwa tana da irin wannan guringuntsi guda biyu, ɗaya ta ciki, ɗaya ta waje. Likitoci na kiransa meniskas. Aikin gammo yake yi, yana rarraba nauyin jiki don kada ya taru a wuri guda. Idan mutum yana tsaye, kusan rabin nauyin da ke sauka a gwiwa ta kansa yake bi, in ya tsuguna kuwa abin ya fi haka. Na ɓangaren ciki ya fi yagewa, domin a ɗaure yake sosai, ba shi da sararin zamewa idan ƙafa ta murɗe.

Nacin ciwon daga ƙarancin jini yake. Bakin guringuntsin na waje, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, shi kaɗai jini ke isa gare shi. Sauran fari ne fat, da ruwan gaɓa yake rayuwa. Rauni kuwa ba ya haɗewa sai da jini. Shi ya sa karaya ke ɗoruwa cikin makonni, amma guringuntsin da ya yage ta tsakiya ya shekara yana nan yadda yake. Mai ɗori, komai gwanintarsa a kan karaya, hannunsa ba ya isa cikin gaɓa, kuma ja da murɗa gwiwar da wani ɓalli ya maƙale a cikinta na iya ƙara tsawon yagar. Ƙaho da tsaga da sakiya a kan gwiwa mai kumburi sun fi haɗari, don idan ƙwayar cuta ta shiga cikin gaɓa tana iya lalata ta cikin 'yan kwanaki.

Alamomin ba su da wuyar ganewa. Ciwo a gefen gwiwa daidai inda ƙasusuwan suka haɗu, wanda ke ƙaruwa wajen tsuguno ko juyawa; kumburi da kan bayyana washegari; jin ƙas a ciki; wani lokaci gwiwar ta ƙage ta ƙi miƙewa. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna wannan guringuntsi, saboda haka "an yi hoto ba a ga komai ba" ba ya nufin lafiya lau. Hoton MRI ne ke nuna shi.

Sai dai shi ma MRI yana da nasa tarkon, musamman ga wanda ya haura shekara 40. A 2008 an wallafa wani bincike da aka yi a garin Framingham na Amurka, inda aka ɗauki hoton gwiwar mutum 991 masu shekara 50 zuwa 90, ba tare da la'akari da ko suna ciwo ba. An tarar da lalacewar guringuntsin a kashi 19 cikin ɗari na mata masu shekara 50 zuwa 59, da kashi 56 cikin ɗari na maza masu shekara 70 zuwa 90. Kashi 61 cikin ɗari na waɗanda aka ga yaga a gwiwarsu ba su yi kukan ciwo ko ƙagewa ba a watan da ya gabata. Wato guringuntsi yana tsufa ya tsattsage da kansa, kuma ganin yaga a hoto bai isa hujjar cewa ita ce ke kawo ciwon ba. Sau da yawa amosanin gaɓa ne ya fara shigowa, yagar kuwa ɗaya ce kawai daga cikin alamominsa.

Likitocin Finland sun gwada wannan magana ta hanyar da ta ba duniya mamaki. Sun ɗauki mutum 146 masu shekara 35 zuwa 65 da ke da irin wannan yaga ta tsufa. Da yardarsu aka raba su biyu: wasu aka yi musu aikin gaske aka datse wurin da ya yage, wasu aka shiga da kyamara aka duba, aka kwaikwayi aikin, ba a yanke komai ba, kuma babu wanda ya san ɓangaren da ya faɗa. Da aka fitar da sakamako a 2013, bayan shekara guda sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu daidai yake. A 2016 wani bincike a Norway a kan mutum 140 ya kwatanta tiyata da atisaye na mako 12 a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan gashin ƙashi. Bayan shekara biyu babu wani bambancin a zo a gani, kuma a watannin farko 'yan atisaye sun fi ƙarfin cinya. A 2017 wani kwamitin ƙwararru na ƙasa da ƙasa ya ba da shawara mai ƙarfi a mujallar likitanci ta BMJ cewa a daina gaggauta wannan aiki ga masu gwiwar da shekaru suka cinye. Don haka magidancin da aka nuna wa hoto aka ce sai tiyata, gwiwarsa kuma tana miƙewa tana lanƙwashewa, yana da haƙƙin ya ce a fara ba shi wata uku na gashi da atisaye na haƙiƙa. Na haƙiƙa nake cewa, domin zuwa sau biyu a ɗora maka na'ura mai ɗumi ka koma gida ka kwanta ba shi ake nufi ba.

Kada wannan ya sa a raina tiyata. Akwai gwiwar da jinkiri ke cutarwa. Idan wani dogon ɓalli ya yage ya kifa cikin tsakiyar gaɓa har ƙafa ta ƙi miƙewa, wannan na bukatar likitan ƙashi cikin kwanaki, domin tun yana sabo ake iya mayar da shi a ɗinke. Haka matashin da ya ji rauni sabo a ɓangaren da jini ke kaiwa, da wanda guringuntsin ya tsinke daga tushensa inda yake manne da ƙashi, da wanda yagar ta zo tare da tsinkewar jijiya.

Kalmar "aiki" kuma tana ɓoye abubuwa biyu da suka yi hannun riga. Duka biyun ta ƙananan huji ake yin su da kyamara, fasahar da likitan Japan Masaki Watanabe ya fara datse guringuntsi da ita a 1962. Na farko datsewa ne: a yanke wurin da ya yage a fitar. Mutum na taka ƙafa cikin kwanaki, ya koma harkokinsa cikin makonni. Na biyu ɗinki ne: a haɗa yagar da zare a bar ta ta warke. Wannan yana buƙatar sandar dogarawa da takalmin gwiwa har kusan mako shida, a kauce wa tsuguno mai zurfi na watanni, ƙwallo kuwa sai bayan wata huɗu zuwa shida. Masu kallon ƙwallo sun ga fuskokin lamarin biyu. An yi wa Luis Suárez aiki a wannan guringuntsi ranar 22 ga Mayu 2014, ranar 19 ga Yuni ya zura wa Ingila ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya. Ansu Fati na Barcelona kuwa ya yage nasa a Nuwamba 2020 yana ɗan shekara 18, aka shiga tiyata da shi fiye da sau ɗaya, bai dawo fili ba sai Satumba 2021. Matasanmu labarin Suárez suke riƙewa, su manta da na Fati, wanda ke da likitocin da kuɗi ke iya samarwa amma gwiwar ta ƙi jin magana.

Datsewa tana da daɗin sauri, amma abin da aka yanke ba ya tsirowa. A da likitoci cire guringuntsin suke yi ɗungurungum, suna ganin ba shi da wani amfani, har sai da likitan Ingila Fairbank ya nuna a 1948 yadda gaɓar ke matsewa ƙasusuwan su canja siffa bayan an cire shi. Yau an tabbatar cewa gwargwadon abin da aka cire, gwargwadon yadda amosanin gaɓa ke saurin zuwa. Wanda aka datse masa sau biyu ko uku yana iya wayar gari da ƙashi na gugar ƙashi tun bai kai 50 ba. Ɗinki ma ba shi da tabbas ɗari bisa ɗari. Kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar yakan warware cikin shekaru biyar. Duk da haka, ga mai ƙuruciya wanda yagarsa ke ɗinkuwa, a ganina haƙurin wata shida ya fi arha.

To me ke sa yagar maimaituwa? Babban dalili a wurin matasa shi ne jijiyar tsakiyar gwiwa da 'yan wasa ke kira ACL. Idan ta tsinke ba a gyara ba, gwiwa takan riƙa zamewa, mutum ya ji kamar ƙafar za ta zube da shi, kuma kowace zamewa guringuntsin ne ke ɗaukar dukan. A ɗinke shi a bar jijiyar a tsinke, an gudu ba a tsira ba. Sai yanayin ƙafa: mai bakan ƙafa nauyinsa a ɓangaren ciki yake sauka, mai gwame kuma a na waje. Sai komawa fili ko gona ko ɗaukar kaya tun cinya ba ta dawo da ƙarfinta ba, domin ciwo kan tafi tun kafin nama ya gama warkewa. Sai ƙiba. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2005 ya nuna kowane kilo ɗaya da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. Likitan da zai sake shiga gwiwarka karo na biyu bai duba jijiya ba, bai tsayar da kai ya kalli yadda ƙafarka take ba, ka nemi ra'ayin wani likitan kafin ka sa hannu.

Ga wanda guringuntsinsa ya riga ya ƙare akwai sauran hanyoyi, ko da yake duk manya ne. Ana dashen guringuntsi daga wanda ya rasu, aikin da aka fara a Jamus a 1984, amma sai ga mai sauran shekaru wanda amosani bai ci gaɓarsa ba, kuma ba ko'ina ake yin sa ba. Ana yanka ƙashin ƙwauri a daidaita ƙafa don nauyi ya koma ɓangaren da ke da lafiya. Daga ƙarshe akwai canjin gwiwa da ta ƙarfe da roba, wanda aka fi ajiye wa manya. Wani nazari a 2019 ya nuna kusan kashi 82 cikin ɗari na cikakken canjin gwiwa na kaiwa shekara 25. Masu fita Indiya ko Masar su sani cewa rabin aikin yana nan gida bayan an dawo. A shirya wanda zai kula da gashi da atisaye tun kafin a sayi tikiti, a kuma karɓo cikakken rahoton abin da aka yi a rubuce.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne haɗin kemis. Mai ciwon gwiwa ya saba da ƙullin ƙwayoyi kullum safe da yamma, a ciki akwai diklofenak ko ibufurofen, wani lokaci duka biyun, da sitiroyid, wani sa'in har da tiramol. Irin su diklofenak suna da amfani na 'yan kwanaki bisa umarnin likita, amma shan su wata da watanni yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, yana tayar da hawan jini. Allurar sitiroyid a cikin gaɓa kan ba da sauƙi na 'yan makonni, sai dai wani gwaji da aka wallafa a 2017 ya nuna masu amosanin gwiwa da aka riƙa yi wa ita duk wata uku har shekara biyu sun fi asarar guringuntsi, ciwonsu kuma bai fi na waɗanda aka yi wa allurar ruwan gishiri sauƙi ba.

Rayuwarmu a ƙasa take: zaman tabarma, harɗe ƙafa, tsugunon masai, zaman tahiya. Mai wannan ciwo ya samu kujera, ya ɗaga wurin zaman banɗaki. Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwamen yin sallah a zaune, saboda haka wanda aka yi wa ɗinki ya bi wa'adin da likita ya ɗiba ba tare da jin nauyi ba. Kwanciya kuma ba magani ba ce, cinya ce ke ramewa gwiwa ta ƙara rauni. Tuka keke, tafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya, da ɗaga ƙafa a miƙe kana kwance duk suna taimakawa.

Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano, da takwarorinsa na Igbobi a Legas da na Enugu, da sassan ƙashi na asibitocin koyarwa, nan ne ya kamata mai gwiwar da ta maimaita ciwo ya nufa. Ka je da tsofaffin hotunanka da rahoton aikin baya, ka tambayi likita a fili: ɗinkewa za a yi ko datsewa, nawa ne zai rage, kuma me ya sa ta sake yagewa? Idan kuwa gwiwa ta ƙage ta ƙi miƙewa, ko ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, ko sha-raɓa ta kumbura tana ciwo bayan tiyata, kada a kwana a gida, a tafi asibiti a ranar.