Tsatsar damina da kuɗin lantarki: Nawa ake kashewa wajen kare murhun ɗumama ɗaki a Bauchi?

A birnin Bauchi, aikin kurfoti da kaskon wuta da hitar lantarki na ɗumama ɗaki bai wuce na watanni uku ba a shekara. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da sanyin hunturu ke tsananta da dare da kuma asuba, magidanta kan fito da su domin tsofaffi da jarirai da masu jego. Da zarar bazara ta shigo sai a jingine su a sito ko bayan ɗaki. Idan hunturu ya zagayo, da yawa kan tarar gindin kurfotin ya huje, ragarsa ta ruɓe, jikin hitar kuma ya yi ja da tsatsa.

Mafi yawan wannan ɓarna na faruwa ne a watannin da kayan ke ajiye, wato cikin damina. A ƙasashe masu sanyi kamar Amurka da Kanada, inda murhun ɗumama gida ke da tsada, wasu kan kunna ƙaramin ƙwan lantarki a cikin murhun tsawon lokacin da ba a amfani da shi, wasu kuma su sa na'urar tsotse danshi a ɗakin. Tambayar ita ce ko wannan dabara za ta biya kuɗinta a Bauchi, bisa farashin wutar da ake biya.

Yadda tsatsa ke kama ƙarfe

Tsatsa na samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin. Ba lallai sai ruwan sama ya taɓa ƙarfen ba. Danshin da ke cikin iska kaɗai ya isa, domin yakan kwanta a jikin ƙarfe, siriri ƙwarai har ido ba ya ganinsa. Masana ƙarafa sun daɗe da gano cewa idan danshin iska bai kai kashi 60 cikin 100 ba, tsatsa na tafiya a hankali sosai, amma idan ya haura haka sai ta ƙara sauri.

Wannan ne ya sa hunturu ba ya cutar da ƙarfe a Bauchi, saboda iskar da ke kaɗowa daga Sahara busasshiya ce. Damina kuwa, wadda ke kamawa daga wajen Mayu zuwa ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, takan cika ɗakuna da laima, musamman a Yuli da Agusta. Da dare ƙarfe na hucewa, raɓa ta sauka a kansa, da rana ya bushe, gobe a sake. Wannan jiƙewa da bushewa da ke maimaituwa kullum ita ce ke cin ƙarfe.

Toka na ƙara dagula lamarin. Tokar da aka bari a gindin kurfoti na shan danshi ta riƙe shi, kuma tana ɗauke da gishiri-gishiri masu hanzarta tsatsa. Haka ma ƙurar hunturu da ta taru a jikin hita. Bugu da ƙari, zafin garwashi ya riga ya ƙone fentin da ke kare ƙarfen, don haka murhu ya fi ƙofa ko taga saurin lalacewa.

Dalilin kunna ƙwan lantarki

Hikimar dabarar ƙwan lantarki ita ce iska mai ɗumi na iya ɗaukar ruwa fiye da mai sanyi. Idan iskar da ke kan digiri 25 na ma'aunin Selshiyos da danshi kashi 85 ta ɗumama zuwa digiri 30, danshinta zai sauko zuwa kusan kashi 63. Ƙarfen kuma zai ɗan fi iskar ɗakin zafi, don haka raɓa ba za ta sauka a kansa ba.

Sai dai dabarar na da sharaɗi biyu. Na farko, dole murhun ya zama rufaffen akwati da zai riƙe ɗumin, kamar manyan murhunan Turai masu ƙofa. Kurfoti da kasko a buɗe suke, ɗumin zai watse nan take. Na biyu, ƙwan ya zama irin na da, mai zare, wanda mafi yawan wutar da yake sha ke komawa zafi. Ƙwan zamani na LED mai wat 7 ko 9 ba ya ba da ɗumin da zai wadatar.

Lissafin kuɗin wuta

Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Jos, JED, shi ke ba jihohin Bauchi da Filato da Gombe da Binuwai wuta. A ranar 3 ga Afrilu, 2024, Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga farashin yunit ɗaya ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225. A watan Mayu aka rage shi zuwa naira 206.80, sannan a Yuli ya koma naira 209.50. Da wannan farashi na ƙarshe aka yi lissafin da ke tafe, ba tare da harajin VAT na kashi 7.5 ba.

Yunit ɗaya shi ne wutar da na'ura mai wat 1,000 ke sha cikin awa ɗaya. Don haka ana ninka wat ɗin na'ura da yawan awannin da ta yi aiki, a raba da 1,000, a samu yunit.

Ƙwai mai wat 25 da aka bari a kunne dare da rana zai sha yunit 18 a wata, wato naira 3,771. A watanni biyar na damina, kuɗin ya kama naira 18,855. Mai wat 40 zai sha yunit 28.8 a wata, kusan naira 6,030. Mai wat 60 kuwa yunit 43.2, kusan naira 9,050.

Na'urar tsotse danshi ta fi haka ci. Mai wat 250 da ke aiki awa takwas a rana za ta sha yunit 60 a wata, wato naira 12,570, ko naira 62,850 a watanni biyar, ban da kuɗin sayenta. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sanya wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata. Ke nan kuɗin wutar damina ɗaya ya kusa cinye albashin wata guda, kuma ko lissafin ƙaramin ƙwan nan ya zarce kuɗin ƙaramin kurfotin da maƙera da masu walda ke ƙerawa.

Masu rukunin B zuwa E na biyan abin da bai kai rabin farashin rukunin A ba, amma tasu matsalar daban ce. Alkawarin da aka yi musu ya kama daga awa 16 zuwa awa huɗu kacal a rana. Duk lokacin da aka ɗauke wuta, ƙarfen zai huce, danshi ya dawo. Idan ɗaukewar ta faɗo cikin dare, lokacin da raɓa ke sauka, an biya kuɗi amma kariyar ba ta samu ba. Tayar da janareta saboda wannan kuwa ya fi duka tsada.

Hanyar da ba ta cin wuta

Kariya mafi arha ita ce a raba ƙarfen da danshi tun ranar da za a ajiye shi. A zubar da toka gaba ɗaya, a goge ciki da waje da buroshin ƙarfe ko samfefa har tsatsar da ta fara ta fita. Idan an wanke da ruwa, a shanya a rana har ya bushe sarai, abin da zafin Maris da Afrilu ke yi a kyauta.

Bayan nan a shafa mai kaɗan da tsumma, gwargwadon yadda zai lulluɓe ƙarfen ba tare da ɗiga ba. Man gyaɗa ya wadatar ga kurfotin da ake dafa abinci ko ɗumama ɗaki da shi. A guji baƙin man mota, domin hayaƙinsa na da illa idan aka hura wuta. Wanda ke da hali na iya shafa wa bayan murhun fenti mai jure zafi.

Wurin ajiya ma na da muhimmanci. Daɓen siminti da ƙasa na tsatso da laima a damina, don haka a ɗora murhun a kan katako ko kanta, nesa da bangon da ke jiƙewa da rufin da ke yoyo. A lulluɓe shi da tsumma ko buhun algarara da iska ke ratsawa. Ɗaure shi tam cikin leda na iya tare danshi a ciki, sai dai idan ya bushe sosai kuma an jefa ƴan ƙunshin tsotse danshi irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi.

Hitar lantarki ba a shafa mata mai a ciki. A zare ta daga soket, a kakkaɓe ƙurarta, a mayar da ita kwalinta. Wanda ke son busar da ita lokaci-lokaci na iya kunna ta minti 15 sau ɗaya a mako. Ga mai wat 1,000, wannan yunit ɗaya ne kawai a wata, wato kusan naira 210.

Batun ya wuce kuɗi

Murhun da tsatsa ta cinye haɗari ne a cikin gida. Gindin da ya huje na zubar da garwashi a kan tabarma ko katifa, ƙafar da ta ruɓe na iya karyewa da tukunyar ruwan zafi a kai, kuma wayar hita da ta yi tsatsa a mahaɗarta na iya yin zafi har ta tayar da gobara. Hunturu dai shi ne lokacin da hukumomin kashe gobara a Arewa suka fi yin gargaɗi.

Don haka kafin a hura wutar farko a Disamba, ya kamata a duba gindi da raga da ƙafafun murhun, a kai wa mai walda idan akwai huji. Kuma sabo ne ko tsoho, kada a kwana da garwashi a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga, domin gawayi na fitar da iskar guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci.