Gizo-gizo Mai Dafi a Gidajen Katsina

Kusan kowane gizo-gizo yana da dafi, amma kaɗan ne ke yi wa ɗan Adam illa. A birnin Katsina kunama ta fi su ɓarna. Wanda ya kamata a sani shi ne wani ƙarami mai ruwan ƙasa, da masana ke kira Latrodectus geometricus. Macen tana da tabo ja-ja a ƙarƙashin cikinta, jakar ƙwanta kuwa ƙaya-ƙaya ce. Takan yi saƙa ƙarƙashin kujera ko a lungun zaure. Dafinta jijiyoyi yake kamawa, ya kawo raɗaɗi da gumi da murɗawar tsoka. Tsagar wanzami ba ta fitar da shi, sai dai ta jawo ruɓa. A wanke wurin da sabulu; yaro kuwa a garzaya da shi asibiti.