Ma'aunin Danshi da Mai Aiki da Shi

A injinan casar shinkafa na birnin Gombe, ingancin kaya yana farawa ne daga awon danshi. Shanshera da danshinta ya wuce kashi 14 cikin 100 takan yi fumfuna a ajiya, wadda ta bushe ƙwarai kuwa takan kakkarye a inji. Saboda haka ake amfani da ma'auni mai nuna lamba. Wajibi ne masu ƙera shi su fara zama da masu casa, su ga yadda suke fama da ƙura da ɗaukewar wuta. Lambobi su zama manya, umarni da Hausa, a kuma sa masa batir. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.