Linzamin Garkuwar Jiki da Ciwon Daji

Ƙwayoyin T su ne dakarun da ke kare jiki daga cuta. Suna ɗauke da wani furotin, CTLA-4, mai ja musu linzami don kada su afka wa jikin da suke tsaro. Ciwon daji kan amfana da wannan linzami.

A ƙarshen shekarar 1994, James Allison na Jami'ar Kalifoniya ta Amurka ya yi wa ɓeraye masu ƙari allurar wani sinadarin garkuwa, wanda aka samo daga tsatson ƙwaya guda, ba ya kama kome sai CTLA-4. Da linzamin ya saki, dakarun suka cinye ƙarin.

Sai dai akwai haɗari. Ɓerayen da aka haifa babu wannan furotin kan mutu cikin 'yan makonni, domin dakarunsu kan juya musu.